Fitilar da Direba Ba Ya Gani

Kusan duk abin da aka ɗora wa mota, mai ita ake yi wa hidima da shi. Inji na kai shi inda za shi, fitilar gaba na haska masa hanya, madubi na nuna masa wanda ke tafe. Fitilar birki kuwa domin wani aka yi ta. Mutum sai ya shekara goma da mota bai taɓa ganin tasa a kunne ba, saboda a daidai lokacin da take ci, ƙafarsa tana kan birki, idonsa yana gaba. Shi ya sa a tsawon zamanmu da mota a ƙasar nan ita ce 'yar bora. Taya ta yi faci, a ranar za a nemi mai faci. Hon ya shaƙe, direba ba zai kwana da abin ba. Fitilar birki kuwa sai ta yi wata da watanni a mace, har sai wani mai kirki ya jera da kai a danja ya sauke gilashi ya ce, "Malam, birkinka ba ya kawo wuta," ko kuma wani ya sanar da kai da goshin motarsa.

Mu da muka yi wayo a zamanin Fijo mun san lokacin da wannan fitila ba ta da wani sirri. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, kuma ba a jima ba 504 ta zama motar gwamnati, motar ma'aikaci, motar tasha. Hanyar da wuta ke bi a jikinta yaron gareji ma zai iya zana maka ita a ƙasa da tsinke. Ta tashi daga batir, ta bi ta fis, ta zo ta tsaya a wani ɗan makunni da ke maƙale a saman fedar birki. Muddin feda tana sama tana danne da harshen makunnin, hanya a rufe take. Da ka taka, feda ta janye, harshe ya fito, wuta ta bi doguwar waya zuwa baya, ta shiga ƙwai biyu, sannan ta koma batir ta cikin ƙarfen jikin motar. Shi ke nan. Bitil, wadda ita ma aka fara harhaɗawa a Legas a wannan shekara, ta ɗan bambanta, domin makunninta a jikin tukunyar man birki yake, matsin mai ne ke kunna shi. Amma ko ita, tashoshin wutar ba su wuce waɗannan ba.

Shi kansa ƙwan akwai hikima a cikinsa. Gilashi ɗaya ne, amma zare biyu ne a ciki: siriri mai wat 5 wanda ke ci idan an kunna fitilar dare, da kakkaura mai wat 21 wanda sai an taka birki yake kamawa. Tazarar da ke tsakanin hasken nan biyu ita ce saƙon gaba ɗaya. An kuma yi 'yan kunnuwan gindinsa ɗaya sama ɗaya ƙasa don kada a juya shi. Duk da haka akwai masu dannawa da ƙarfi har ya shiga a karkace, sai ka ga mota da dare bayanta ja wur kamar kullum birki take takawa, idan kuma an taka ɗin babu wani ƙari da na baya zai gani.

Mai wayarin na wancan zamani ba shi da kayan aiki masu yawa. Babban makaminsa fitilar gwaji ce da ya haɗa da hannunsa: ƙwai ɗaya, waya biyu, ɗaya da ɗan maƙali, ɗaya da ƙusa mai tsini. Aikin kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Dole wani ya zauna a kujerar direba, shi yana tsugune a baya yana ba da umarni: "Alhaji, taka. Saki. Sake takawa. To, riƙe a haka." In Alhaji ya gaji da zama, sai a kira ƙaramin yaron gareji, wanda sau da yawa ranar ce ranarsa ta farko a bayan sitiyari.

Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne kafin su taɓa komai sun riga sun yi rabin gyaran da tambaya. Gefe ɗaya ne ya mutu ko duka biyun? Idan gefe ɗaya ne, to fis da makunni ba su da laifi, tunda su biyun suke ciyarwa. A duba ƙwai da mazauninsa. Idan duka biyun ne, da wuya ƙwai biyu su mutu rana ɗaya, sai a fara da fis. Fis lafiya, sai a kwanta ƙarƙashin sitiyari a zare wayoyi biyu na makunni a haɗa bakinsu. Baya ya kawo wuta, makunni ne ya gaza. Idan kuwa an sa sabon fis, ana taka birki ya sake tsinkewa, to wata waya ce ta goge rigarta tana taɓa ƙarfe, kuma sun san wuraren da aka fi samun haka: ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, bakin ƙofa, da wurin da murfin but ke lanƙwasa waya kullum aka buɗe shi.

Akwai kuma cutar da ke sa mai mota ya fara tunanin ko an yi masa sammu. Ka taka birki, sai fitilar fakin ta gaba ta kama. Ka ba da sigina, sai duk fitilun baya su riƙa lumshewa tare. Da rana birki na kawo wuta ras, da dare an kunna fitila sai ya dushe. Gogaggen mai wayarin murmushi kawai zai yi, don ya san hanyar komawa ce ta toshe. Tsatsa ko ƙura da ruwan damina sun shiga tsakanin wayar jiki da ƙarfen mota, wuta ta rasa ta inda za ta koma, sai ta ratsa ta cikin siririn zaren ta bi wayar fakin tana neman mafita. Maganin bai wuce a kwance noti ɗaya, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam. Irin wannan rikici kan faru kuma idan aka cusa ƙwai mai zare ɗaya a mazaunin mai zare biyu, gindinsa ya haɗe layukan da bai kamata su gamu ba.

Kada dai a ɗauka wancan zamani duk gwaninta ne. A nan ne aka koyi ɗaure fis da zaren tagulla ko takardar ƙyalli ta kwalin sigari. Fis ba don ado aka sa shi ba. An auna shi ne ya tsinke kafin waya ta yi zafi. Ƙwai biyu masu wat 21 a kan batir mai bolt 12 ba su jan abin da ya wuce amfiya uku da rabi, shi ya sa fis mai 10 ko 15 ya ishe su. Wanda ya maye gurbinsa da waya mai kauri bai kawar da cutar ba, ya dai mayar da wayar motar gaba ɗaya ta zama fis, kuma ita idan za ta tsinke da hayaƙi take tafiya. A wancan zamani ne kuma direban tasha kan ce hannunsa ya ishe shi: ya zuro shi ta taga yana kaɗawa ƙasa, alamar zai tsaya. Da rana a cikin gari hakan na aiki. Da dare a hanyar Zariya, cikin hazon hunturu, hannu ba ya haske.

Canji ya zo ta ƙofa biyu kusan lokaci ɗaya. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, aka fara samun jami'in da zai tsayar da kai ya zagaya baya ya ce ka taka ya gani. Kafin nan kuma, a 1986, tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, hanyar Kwatano ta buɗe. Motocin da suka sha amfani a Turai da Amurka suka cika Kano da Kaduna da Katsina da Maraɗi, kowacce da irin wayarinta, kuma da yawansu sun zo da wata baƙuwar aba a gilashin baya: fitila ta uku.

Asalin wannan fitila yana da daɗin ji. A farkon shekarun 1970 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna John Voevodsky ya ɗora wa wasu tasi-tasi na birnin San Francisco ƙarin fitila a sama, aka kwatanta su da waɗanda ba a ɗora wa ba, aka ga dukan baya ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Amurka ta wajabta ta a kan ƙananan motoci daga samfurin 1986, Turai ta biyo baya a 1998. Amma da kowace mota ta samu tata, ido ya saba, sai binciken hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ya nuna amfanin ya sauko zuwa kashi 4 da 'yan kai. Ba ƙaramin abu ba ne idan aka lissafa yawan motoci, sai dai yana nuna cewa fitila ba ta gadin direban da hankalinsa ba ya kan hanya.

A gareji kuwa fitila ta uku ta zama shaida. Idan tana ci amma biyun ƙasa ba sa ci, to fis da makunni sun kuɓuta, tunda wuta ta iso baya. A nan aka gane cewa ƙwai biyu kan mutu, ba rana ɗaya ba: ɗaya ya mutu tun bara ba wanda ya lura, na biyun ya bi shi jiya. Kowace mota kuma ta zo da nata hali. A Honda da yawa hon da fitilar birki fis ɗaya suke sha, don haka gwani kan fara danna hon kafin ya buɗe komai. Camry ta shekarun 1990 tana da wani ɗan akwati a cikin but mai lura da mutuwar ƙwai, wanda idan shi kansa ya ƙone sai ya tsare wutar gaba ɗaya. Wasu motocin Amurka kuma zare ɗaya ne ke yin sigina da birki, wutar birki sai ta bi ta makunnin sigina da ke wuyan sitiyari kafin ta je baya, mai wayarin da bai san haka ba sai ya wuni yana tone but a banza.

Sai kuma cutar da ta juya lamarin: fitilar da ta ƙi mutuwa. A motocin Japan da Koriya da yawa akwai wata 'yar roba kamar maɓallin riga a jikin feda, ita ce ke danne harshen makunni. Shekaru da zafin ƙasarmu kan busar da ita ta farfashe, harshe ya faɗa rami, fitila ta kama ci ko an zare makulli. Mai mota ya kulle ta ya shiga gida, wutar amfiya huɗu ko biyar ta kwana tana zuba, da asuba batir ya ce bai san zance ba. Sau da yawa akan sayi sabon batir kafin a gane, alhali shaida tana nan a kan shimfiɗar ƙafar direba, 'yan ɓaraguzan roba. Masu dabara kan toshe ramin da ƙaramin noti ko su liƙa tsohon kwabo kafin a samo robar a kasuwar Ƙofar Ruwa. A karon farko, lalacewar fitilar birki ta taɓa aljihun mai mota kafin ta taɓa goshin motar wani.

Wannan shi ne babban abin da ya canza a shekaru arba'in ɗin nan, kuma ba a cika lura da shi ba. A 504, makunnin birki da na baya kawai yake magana. A motar yau, da motar kanta yake fara magana. Mota mai giyar otomatik ba za ta bari ka cire giya daga fakin ba sai ta ji ka taka birki, kuma ta bakin wannan makunni take ji. Mai tashi da dannawa ba za ta tashi ba sai ya shaida mata ƙafarka tana kan feda. Na'urar hana taya kullewa da mai riƙe gudu a doguwar hanya duk suna sauraronsa. Shi ya sa wayoyinsa suka tashi daga biyu suka koma huɗu: layi biyu ne, ɗaya na buɗewa lokacin da ɗaya ke rufewa, kwamfutar mota tana kwatanta su. Suka saɓa wa juna, sai ta kunna fitilar gargaɗi a gaban direba ta ajiye lamba, irin su P0504 ko P0571, wadda za a karanta ta wata kafa mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, kafar da Amurka ta wajabta tun 1996. Girman abin ya kai a 2013 Hyundai da Kia suka kira motoci sama da miliyan ɗaya da rabi a Amurka su dawo a canza musu wannan ɗan makunni.

Ma'ana, abin da wa'azi da tarar jami'an hanya suka daɗe suna nema, injiniya ya samu a sauƙaƙe. Mutumin da zai yi shekara da mataccen makunni a tsohuwar mota, yau giyarsa ce za ta maƙale a ƙofar gida yara na jiran a kai su makaranta. Akwai ɗan rami kusa da sandar giya da ake zura makulli a saki giyar don a samu a kai ta gareji, amma mai hankali ya tuna cewa a wannan tafiyar wataƙila babu ko ɗigon ja a bayansa.

Shi ma ƙwan ya canza. Ƙananan fitilun LED ba su da zaren da zai jira ya yi zafi, don haka suna riga tsohon ƙwai kamawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A ido ba komai ba ne, amma motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, ka ga an ba na baya kyautar mita biyar da rabi, tsawon mota guda. Ba sa jan wuta sosai, kuma suna daɗewa. Sai dai ranar da suka mutu, babu zancen ƙwan da za a saya a bakin titi. A motoci da yawa an liƙe su a cikin gidan fitilar, sai dai a sayi gidan sukutum, sabo ko na Kwatano, ko a nemi masu gyaran rediyo da waya su tsaga shi su bi allon da dalma. Gyaran da a da canjin aljihu ke biya, yau sai an yi shawara da maigida.

Tsakanin waɗannan zamuna biyu aka bar mai wayarin a tsaye. Dattijon da ya ƙware a 504 idan ya ga wuta ba ta zuwa baya, hannunsa kan yi ƙaiƙayin jawo sabuwar waya daga makunni kai tsaye. A tsohuwar mota hakan gyara ne. A sabuwa kuwa makunni saƙo kawai yake aikawa, wani akwatin lantarki ne ke kunna fitilar, kuma waya ɗaya da aka soka ba daidai ba na iya ƙone akwatin da kuɗinsa ya ninka na makunni sau da yawa. Shi kuma matashin da ya sayi na'urar karanta lamba, da an kawo mota sai ya ce, "Oga, sai an jona mata kwamfuta." Ya jona, ta ba shi lamba, ya aika a sayo makunni, a ɗaura, cutar na nan. Lambar ba ta ce makunni ya mutu ba. Ta ce akwai saɓani a layinsa, wanda zai iya zama fis, ko tsatsa a soket, ko waccan 'yar roba, ko wani ƙwan LED mai araha da mai mota ya sa don ado ya rikita lissafin kwamfutar. Na farko yana da tambayoyi amma bai san sabuwar hanya ba, na biyu yana da taswira amma bai koyi tambaya ba. Idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza, gaskiya ne, amma har gobe yawancin motocin da ake kawowa da matsalar fitilar birki abu huɗu ne ke damunsu: ƙwai, fis, makunni, da wayar jiki. Garejin da ya haɗa dattijon da matashin a inuwa ɗaya shi ne wanda nake kai tawa motar.

Mai mota ma yau ba shi da uzurin da ubansa yake da shi. Ba sai ya nemi wanda zai tsaya masa a baya ba. Ya matsa da baya kusa da bango da magariba ya taka, jan zai bayyana a madubi, gefe biyu ko gefe ɗaya. Ko ya jingina wayarsa a kan dutse ta ɗauki bidiyo. Minti ɗaya ne a mako.

Inda canjin bai kai ba shi ne inda haɗarin ya fi yawa. Tirela da tifa da tanka da ke kwana a hanyar Kano zuwa Kaduna, da tsofaffin Golf da Sharon na tasha, da kekunan A Daidaita Sahu da suka cika Kano musamman bayan hana acaɓa a 2013, yawancinsu babu kwamfutar da za ta riƙe musu giya. Har yau za ka bi bayan gingimari da dare ba ka san da ita ba sai fitilarka ta faɗa kan ƙarfenta. Har yau ganye ake zubawa a kwalta a madadin alama. Wani kuma ya kashe kuɗi ya yi wa bayan kekensa ado da shuɗi da kore masu walƙiya, ko ya shafe gilashin fitilarsa da baƙi don gayu, ta yadda na baya ba zai bambance kwalliya da gargaɗi ba. A nan babu injiniyan da zai taimake mu, sai tsari. Kowace tashar mota tana da mai rubuta sunan fasinja, da mai karɓar kuɗin lodi, da ɗan kamasho mai kiran gari. Ba za a rasa mutum ɗaya a cikinsu da zai tsaya a bayan mota kafin ta fita ƙofa ya sa direba ya taka ba, kuma motar da ba ta kawo ja ba ta sauka daga layi har sai an kira mai wayarin.